Wanda Ya Yi wa Tuffar Daji Aure

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga kaɗan daga karamomin Shehinmu, malamin malamai, mai tsantseni da gudun duniya, wanda Allah ya buɗe wa ƙofofin fiƙihu da hadisi da sanin cututtukan zuciya, Allah ya haskaka makwancinsa. Shekara hamsin ya yi a 'yar zawiyarsa ta katako da ke gindin dutse a tsakiyar ƙasar Bosniya, yana karantar da duk wanda ya zo, bai taɓa ɗaga murya a kan ɗalibi ba, ba a kuma taɓa ganin ya miƙe ƙafa wajen alƙibla ba ko da tsufa ya ci ƙarfinsa. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin shi da kansa ya hana. Babin niyya shi ne farkon abin da yake karantarwa, shi ne kuma wanda ba ya barin kowa ya ce ya sauke. Mai gashin burodi da mai saran itace da matar da ke wanki a bakin rafi, duk a wurinsa masu ibada ne ko masu asara, gwargwadon abin da suka riƙe a zuci sa'ad da hannu ke aiki.

A zamaninsa, tun jirgin ƙasa bai ratso kwarin ba, akwai wani mutum a ƙauyen da ke saman zawiya mai suna Zeynil, gajere, mai kaurin yatsu, wanda ba a raba aljihunsa da 'yar lanƙwasasshiyar wuƙa da dunƙulen kakin zuma. Sana'arsa auren itatuwa. Al'adar duwatsunmu ce tun kaka da kakanni, in mutum ya ga tuffar daji a bakin hanya, irin mai tsami da baurin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci, sai ya yanke kanta a ƙarshen hunturu sa'ad da ƙanƙara ta fara narkewa, ya tsaga kututturen, ya soka reshen tuffa mai daɗi a ciki, ya ɗaure da ɓawon itace, ya liƙe da kaki, ya yi tafiyarsa. Bayan 'yan shekaru matafiyi zai tsinka ya ci, ya yi wa mai aikin addu'a ko bai san shi ba. Al'ada ce kuma ba a hana reshen aure. Ko abokin gabarka ya tsaya a bakin shingenka ya roƙi reshe, yanka masa za ka yi, in ka hana ka zama abin faɗi har jikokinka.

Wasu sukan yi wa itace biyu ko uku aure a duk rayuwarsu, su gode Allah. Zeynil kuwa shekara talatin ya yi yana bin hanyar fatake, daga gadar dutse har zuwa wuyan tsauni, tafiyar rabin yini, bai bar tuffar daji ko ɗaya da kanta ba. In bazara ta shigo hanyar takan yi fari fat da fure har dawakin kaya su riƙa atishawa, in kaka ta yi kuma rassa su sunkuyo, mai tafiya a kan doki ya tsinka ba tare da ya ja linzami ba. Ko'ina aka ambaci Zeynil sai a ce bawan Allah, ya gina wa kansa gida a Aljanna da wuƙar aljihu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne mafarin aikin. Sa'ad da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, dattawa suka jefa ƙuri'a, gida da makiyayar tudu suka faɗa wa Zeynil, lambun tuffa kuwa ya faɗa wa yayansa Ragib. Ba a zalunci kowa ba, amma Zeynil ne ya yi wa itatuwan lambun aure tare da mahaifinsu tun yana ɗan shekara tara, Ragib kuwa ko riƙon wuƙar bai iya ba. Ragib ya kafa rumfa a bakin hanya yana sayar wa fatake tuffa, ya samu rufin asiri. Zeynil yana hango rumfar daga tudunsa kullum, abin yana cin sa, har wata safiya ya sauko ya tsaya a bakin shingen yayansa ya roƙi rassa. A ransa ya ce, sai na cika hanyar nan da irin tuffarka kyauta, in ga wanda zai ƙara tsayawa a rumfarka. Kowace shekara yakan dawo ya roƙa, Ragib ya yanka masa ya miƙo ta saman shinge, ba sa ce wa juna komai sai gaisuwa. Haƙar Zeynil kuwa ta cim ma ruwa. Kafin shekara goma rumfar ta zama wurin kwanan tumaki, Ragib ya koma ƙona gawayi a daji, hayaƙi yana shiga ƙirjinsa damina da rani.

Akwai kuma wani abu da Zeynil ya ɓoye fiye da wannan. Tun ranar da itacen farko ya yi 'ya'ya, bai taɓa jin zaƙin tuffar hanyar nan a bakinsa ba. Kowa ya ci sai ya lumshe ido, shi kuwa in ya gutsura sai tsami da baurin tuffar daji su ɗaure masa harshe, kamar wuƙarsa ba ta taɓa ratsa itacen ba. Tuffar kasuwa yana jin daɗinta, ta maƙwabta ma haka, tasa ce kawai ta ƙi shi. Matarsa Zumreta, wadda ba abin da ke wuce idonta, takan ce, "Ni dai ban taɓa ganin irinka ba. Ka cika duniya da tuffa, amma in ka gutsura sai ka yamutsa fuska kamar an ɗura maka magani."

"Haƙorana ne," in ji shi.

"Haƙoran da ke tauna busasshen nama kamar na saurayi? To, Allah ya ba haƙora lafiya."

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da hannunsa ya fara rawa. A bazarar nan sau biyu wuƙa tana kuskure reshe ta sami babban yatsansa, ya gane cewa aikin ya kusa barinsa. Da kaka ta yi, wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan sadaka mai gudana, ya kawo misali da Zeynil a gaban jama'a, sahu-sahu aka riƙa waiwayowa ana dubansa da murmushi, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Zumreta tana kwashe kwanuka ta ce, "Ka lura yau Juma'a uku Yaya Ragib bai sauko masallaci ba? An ce tarin ya kwantar da shi. Ka dai san ba ku da wani ɗan'uwa, daga kai sai shi."

Tsoro ya kama Zeynil, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ga kansa tsaye a gaban Ubangijinsa, mutane suna zaton ya zo da kaya niƙi-niƙi, shi kuwa hannu rabbana, ba komai sai hayaƙin da ya tura ƙirjin ɗan'uwansa. Washegari bayan azahar ya bi ta hanya ya tsinki tuffa cikin ƙyalle, don ba a zuwa wurin malami hannu sake, ya gangara zawiya.

Ya iske Shehi, Allah ya ƙara masa yarda, zaune shi kaɗai a barandar katako a kan buzunsa, rana tana dukan gwiwoyinsa, ruwan maɓuɓɓuga yana zuba a kwamin dutse a tsakar gida. Zeynil ya sumbaci hannunsa, ya ajiye ƙunshin, ya zauna a ƙasa. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu, sai ya shiga zancen sanyin da ake sa rai bana. Shehi ya saurare shi har ya gama, sannan ya zaɓi tuffa ɗaya ja, ya miƙa hannu ya ce a ba shi wuƙar aure. Ya raba ta biyu, ya ajiye rabi a kan gwiwarsa, ya miƙa wa Zeynil rabi. Zeynil ya gutsura, baurin da ya sani ya cika masa baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Yaya ka ji ta?" in ji Shehi.

"Zaƙi, efendi, alhamdu lillahi," in ji Zeynil, efendi kuwa shi ne sunan girmamawa da ake kiran malami da shi a wajenmu.

"Shekara talatin kana faɗin haka, Zeynil. Ba ka gaji ba?"

Ba mahaluƙin da ya san wannan sirri, ko Zumreta zato kawai take yi. Zeynil ya dubi fuskar Shehi bai ga zargi a cikinta ba, sai tausayi irin na mai duban mara lafiya, nan take abin da ya danne tun yana saurayi ya ɓalle. Ya faɗi zancen ƙuri'a da rumfa da gawayi, bai rage komai ba, hawaye na bin gemunsa. Da ya gama ya ce, "Efendi, ka gaya mini gaskiya ko da za ta kashe ni. Dubban mutane sun ci, sun yi addu'a. Ashe duk a banza? Ko itace ɗaya ba ni da shi a wurin Allah?"

Shehi ya jawo wani ɗan matashin kai ya ajiye kusa da ƙafarsa ya ce, "Ka sha hanya. Sa kanka nan kafin la'asar."

Zeynil ya yi nufin ya ce ba ya jin barci, amma kansa na taɓa matashin sai ƙarar ruwan kwamin ta yi nisa, ya ga kansa tsaye a kan gadar dutse. Hanyar ce dai tasa da ya san kowane lungu nata, sai dai itatuwan suna ɗauke da fure da nunannun 'ya'ya a lokaci guda, hasken kuma ba na safe ba ne ba na yamma ba, ba inuwa ko ɗaya a ƙasa. Sai ga mutanen shekara talatin suna tafe a hankali, ba a jin sawunsu. Ga fatake da dawakinsu na gishiri, ga sojoji masu komawa gida da tsumma a ƙafa, ga ayarin kai amarya, ga wata mai tsohon ciki da ta zauna a gindin itace tana haki, ga mahajjata da sandunansu, ga makiyaya waɗanda ba Musulmi ba, har da fuskokin da ya san sun daɗe a ƙasa. Kowa ya miƙa hannu ya tsinka ya ci, ya ce Allah ya saka wa mai wannan aiki. Addu'ar na fita daga baki sai ta zama fari-fari kamar furen tuffa, ta tashi sama, iska ta ɗauke ta.

Zeynil ya bi furen da gudu, ƙafafunsa ba nauyi kamar na yaro. Furen ya yi ta haɗuwa yana yawa har ya rufe sararin kwarin, ya haura tudu, ya nufi gidan Zeynil. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce ashe dai nawa ne. Furen ya kewaya gidan sau uku yana neman mashiga, ƙofa a rufe, tagogi a rufe, Zeynil yana jijjiga ƙofar gidansa da hannu biyu ta ƙi buɗuwa. Sai iskar ta juya, ta gangara da furen gaba ɗaya zuwa wani ƙaramin gida mai baƙin rufi a gefen tsohon lambu, ya riƙa shiga ta kafar hayaƙi a hankali, ba ya ƙarewa. Gidan Ragib ne.

Ya farka rana ba ta ko gusa daga gwiwar Shehi ba. Ya tashi zaune, baƙin ciki ya danne shi har ya kasa kuka, domin ya ga amsar tambayarsa da idonsa. Shehi ya ɗauki rabin tuffar da ke kan gwiwarsa ya miƙa masa ya ce, "Ci wannan."

Zeynil ya karɓa don kunya kawai, ya gutsura. Sai zaƙi ya cika masa baki, zaƙin tuffar lambun mahaifinsa da ya rabu da ji tun yana saurayi, da ƙamshinta da ruwanta mai sanyi. Tuffa ɗaya ce, wuƙa ɗaya ta raba ta a gabansa. Ya riƙe guntun da hannu biyu.

Shehi, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya ce, "Rabin farko naka ne, abin da ka shuka. Wannan kuwa ajiya ce wani ya yi maka. Tashi ka gaida yayanka tun ana samunsa."

Zeynil bai tsaya ba sai sallar la'asar da ya yi a gefen hanya. Rabonsa da tsallake shingen nan tun ranar rabon gado, har sai da ya laluba kafin ya gane inda ƙyauren yake buɗewa. Ya sami Ragib kwance kusa da murhu, an tokare shi da matasai, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, amma idon nan na tsokana yana nan yadda yake.

"A'a, yau kuma ta ƙofa?" in ji Ragib. "Ai ba lokacin rassa ba ne, ko tsufa ya fara rikita maka watanni?"

Zeynil ya durƙusa a gefen shimfiɗar ya ce, "Yaya, na zo in gaya maka wani abu. Itatuwan hanyar nan, ba don Allah na yi su ba. Don in kashe maka rumfa na yi."

Ragib ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Zeynil ya tallafe shi ya ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Wannan ne labarin? Kai Zeynil, tun kana cikin zani in ka yi ɓarna kunnuwanka ke ja. Ranar farko da ka tsaya a shingen can kamar an dafa su. Ai tun ran nan na sani."

"Ka sani, kake ba ni?"

"To in hana ka, a yi da ni a gari? Da fari dai don kunya nake ba ka, ina yanka ina tsine maka a ciki, kada ka ɗauka ni waliyyi ne. Shekarar da na ga fatake sun fara wuce ni da tuffa a baki, sai da na zaɓo maka rassan da tsutsa ta shiga, na ɗaure su na ajiye, na ce bari ya zo, in kashe masa hanyar gaba ɗaya. Sai na kasa barci kwana biyu. Na sauka wurin Shehi, ban ko buɗe baki ba ya ce mini, reshen nan zai bar hannunka ko kana so ko ba ka so, abin da ya rage naka shi ne abin da za ka aika tare da shi. Na dawo na jefa su a wuta."

Ya maida numfashi, Zeynil yana riƙe da hannunsa mai baƙin gawayin da ya ƙi fita.

"Daga ran nan na daina yanka maka na gefe," in ji Ragib. "Sai na hau can ƙololuwa inda rana ke bugu, na zaɓo mafi kyau. Ni ban iya aure ba, ka sani, hannuna na gatari ne. Na ce to ga mai hannu Allah ya kawo mini har shinge, kyauta, ko gahawa ba na ba shi. Rumfa ta tafi, na ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tuffar Baba da a da sai mai kuɗi ke ci, yanzu har wanda ba shi da takalmi yana ci."

"Na gani, Yaya. An nuna mini. Ladan duka gidanka yake shiga, kuma kai ka cancanta. Ni dai ka yafe mini ƙirjin nan naka, ba na neman komai bayan wannan."

"Duka? Wa ya ce maka duka?" Ragib ya ɗago kai daga matashi. "Kai dai har yanzu ba ka iya rabo ba. Duk reshen da na yanka, kafin in miƙo maka sai na ce, ya Allah, abin da ya fito daga wannan ka raba shi uku. Ɗaya na Baba, ɗaya nawa, ɗaya na mai taurin kan nan, ka riƙe masa har ranar da zai shigo ta ƙofa. Shekara ashirin da bakwai ina faɗa, har na fara tsoron zan riga ka tafiya. Ka daɗe, Zeynil."

Zeynil ya kifa fuskarsa a kan bargon yayansa ya yi kuka irin na yara, Ragib ya ɗora hannu a kan furfurarsa ya bar shi har ya gama.

Ragib ya rasu kafin ƙanƙarar farko ta sauka, ƙaninsa ne ya yi jinyarsa, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Zeynil ya ƙara shekara huɗu a duniya, daga bakinsa kuma muka ji wannan labari, domin ya ce a faɗa bayan ransa don kada wani ya ruɗu da yabon da aka yi masa.

Wannan ɗaya ce daga karamomin Shehinmu, likitan zukata, wanda Allah ya sanar da shi abin da ke cikin ƙirjin 'yan'uwa biyu, ya riƙe sirrin kowannensu shekara da shekaru bai tona ba har lokacin ya yi. Allah ya yalwata kabarinsa, ya ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayi, ya jiƙan Ragib da Zeynil da mahaifinsu. Ya Ubangiji, don albarkar bayinka na gari ka gyara mana niyyarmu tun hannuwanmu suna aiki, inda kuwa muka ɓata, ka haɗa mu da wanda zai roƙa mana a bayan idonmu. Amin.